Takardar Saki Ba Sadaka Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, mun saba a waɗannan shafuka da yin magana a kan manyan al'amura, kamar kuɗin makaranta da bashin ƙasashen waje da halin shugabanni. Yau za mu sauko ƙasa mu yi magana a kan wata 'yar takarda guda ɗaya, wadda ba ta cika aljihu ba, amma rashinta ya isa ya tsayar da rayuwar mace cik har shekara da shekaru. Muna nufin takardar da ke shaida cewa aure ya mutu a gaban alƙali, da kuma kwafin shari'ar da aka yi kafin ya mutu.

A hutun da ya wuce, mu uku muka raka yayar ɗaya daga cikinmu, mazauniyar Fagge, zuwa wata kotu da ba za mu kama sunanta ba. Shekara tara ke nan da ta yi kul'i a wannan kotu, ta mayar da sadaki, ta yi iddarta, ta koma gidan iyayenta. Takardar da aka ba ta ta jiƙe ta narke a daminar da ɗakin mahaifiyarta ya rufta. Bana Allah ya kawo manemi, aka sa rana, sai ga aike daga tsohon miji cewa shi dai a saninsa igiyarsa tana nan. Waliyyi ya ce ba zai ɗaura aure a kan aure ba, sai ya ga takarda. Gaskiyarsa kuwa.

Zuwan farko aka ce rajistara ba ya nan. Zuwa na biyu akawu ya dube ta ya ce, “Baiwar Allah, mece ce lambar shari'arki?” Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni dai na san shekarar da na yaye autana ce.” Ya ce to sai ta tuno. Zuwa na uku mai riƙe da mabuɗin sito ya tafi ta'aziyya. A zuwa na huɗu ne aka buɗe mana siton, muka ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami: kundaye da fayiloli a ɗaure da igiya, an jibge su a ƙasa kamar dammunan dawa, gara ta ci na ƙasa, yoyon rufi ya ci na sama, ba jeri na shekara, ba littafin da ke nuna inda kowanne yake. Wani masinja ya matso ya raɗa mana cewa irin wannan bincike ba ya tafiya sai da ɗan goro. Ba mu bayar ba. Muka naɗe hannun riga muka yi ta tono da kanmu, har muka dace a zuwa na biyar. Mako bakwai aka yi kafin kwafin ya fito da hatimi da rasit, an kuwa ɗage ranar ɗaurin auren har sau biyu.

To, wannan mace ta samu ne don tana da 'yan jami'a uku a bayanta, masu iya rubuta takardar roƙo, masu iya tsayawa su ce sai an ba su rasit. Ina labarin mai sayar da awara a bakin Kwari, wadda in ta bar kaskonta yini guda 'ya'yanta za su kwana da yunwa? Ita kam zuwa biyu za ta yi ta haƙura, ta ce haka Allah ya so.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Da wannan takarda ake sanin ranar da idda ta fara da ranar da ta ƙare. Da ita ake sanin saki nawa ya rage tsakanin miji da mata. Da ita mace ke kare kanta in aka zarge ta da yin aure a kan aure. In namiji ya mutu, ita ke raba gardama a kan wadda za ta yi takaba ta ci tumuni, da wadda ta riga ta fita daga gidan. A cikin kwafin shari'a ake samun abin da alƙali ya yanka na ciyar da yara da wanda ya bai wa riƙonsu. Wanda kuma hukunci bai yi masa daɗi ba, alƙali kan ce yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, amma kotun sama ba ta duba komai sai abin da kotun ƙasa ta rubuta. Saboda haka duk wanda ya riƙe kwafi, ya riƙe shari'ar gaba ɗaya.

Mu tsallaka titi zuwa Sabon Gari, wanda ƙaramar hukuma ɗaya ce ta haɗa shi da Fagge. A can akwai mata da yawa da aka ɗaura musu aure a ofishin rajista ko a coci bisa dokar aure ta gwamnati. Dokar shari'o'in aure ta 1970 ta ce irin wannan aure Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke iya raba shi, kuma rabuwar hawa biyu ce: hukuncin farko na wucin gadi, sa'an nan bayan wata uku ya tabbata a ba da takardar ƙarshe. Mace da yawa takan riƙe ta farko tana zaton ta gama, sai ranar da za ta sake aure, ko za ta nemi biza, ko za a raba fanshon mamaci, a ce mata ina ta biyun. Lauyan da ya yi mata shari'ar ya bar gari, fayil kuma sai an nema. Addini ya bambanta, harshe ya bambanta, amma bencin da ake zaman jira a kansa iri ɗaya ne, ƙurar siton ma iri ɗaya ce.

Daga ina wannan hargitsi ya samo asali? Tarihin kotunan kansu ya ba da rabin amsa. A zamanin Turawa akwai kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, Sabon Gari kuma tana da tata kotun ta gamin gambiza saboda baƙi. A 1968 gwamnatin soja ta ƙwace kotuna daga hannun En'e ta mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin jiha. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano. A shekarar 2000 kotunan yanki suka koma kotunan shari'ar Musulunci. Kowane sauyi an canja allon ƙofa, an canja hatimi, an yi wa alƙalai canjin wurin aiki, amma kundayen sai a loda su a mota a sauke inda aka ga fili. Sauran rabin amsar kuwa rashin kula ne tsagwaronsa. Kowa ya ga abin da ya faru ranar 1 ga Agusta, 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, sa'ad da ɓata-gari suka afka wa Babbar Kotu a Sakatariyar Audu Bako suka yi awon gaba da takardu. In hakan ta sami babbar kotu a tsakiyar ofisoshin gwamnati, me ya tsare ƙaramar kotu mai rufin kwano a bayan kasuwa?

Abin kunyar shi ne kakanninmu sun fi mu. Shari'o'in da majalisar Sarkin Kano Abbas ta yanke a 1913 da 1914, malaman fada sun rubuta su da Larabci, an adana su, har wani Bature masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara zaɓaɓɓu daga cikinsu ya buga littafi a Amurka a 1994. Wato ɗalibi a Mishigan yana iya karanta hukuncin da aka yi a Kano fiye da shekara ɗari da suka wuce yana zaune a kujera, amma bazawara a Fagge sai ta yi mako bakwai kafin ta ga nata na shekara tara. Da tawada da alƙalamin kara aka yi wancan aiki. Mu masu kwamfuta da wayar hannu, wane uzuri gare mu?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce saki a Musulunci ba ya bukatar kotu, in miji ya furta ya auku. Ba mu musa ba. Amma aukuwar abu daban, tabbatar da shi a ranar gardama daban. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, Suratuɗ Ɗalaƙi kuma ta yi umarni da kafa adalai biyu a sha'anin rabuwa da kome. In an ce a rubuta bashin buhun gero, yaya za a bar mutuwar aure a bakin mutumin da gobe zai iya cewa bai tuna ba? Ƙasashen da muke bin mazhabar Malikiyya tare da su sun daɗe da ɗaukar mataki: Tunisiya tun 1956 ta mayar da saki gaban kotu, Maroko kuma ta sa shi ƙarƙashin kulawar alƙali a dokarta ta iyali ta 2004. Ba lalle ne mu kwafe su kaf ba. Abin da muke nema ya fi wannan sauƙi: abin da ya riga ya zo gaban alƙali a rubuta shi, a adana shi, a bai wa mai shi.

Za a kuma ce sirrin aure ne, bai kamata kowa ya leƙa ba. Wannan magana tana da nauyi, mu ma ba mu yarda a buɗe kundin kotu ga 'yan gulma da kishiyoyi ba. Amma wane sirri ake ɓoye wa mace a cikin shari'ar da ita ce ta tsaya ta yi? Sirrin da goro ke buɗewa ba sirri ba ne, ciniki ne. Hasali ma siton da ba shi da tsari shi ne mafi tona asiri, don mu da kanmu mun ɗaga fayilolin mutane fiye da yadda za mu iya ƙirgawa kafin mu kai ga namu, ba wanda ya ce mana kul.

Sa'an nan za a ce babu kuɗi. Tun 2012 gwamnatin Kano take aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba, da gado da katifa da sadaki, kuma ba mu raina wannan taimako ba. Amma gwamnatin da ta iya sayen gadaje ɗaruruwa ta iya sayen akwatunan ƙarfe da kantoci. Kullum kuma muna jin ana cewa Kano ta fi ko'ina yawan sakin aure, kowane mai jawabi da adadin da yake jefawa. Daga wane littafi ya ƙirgo? Yawancin saki a ɗaka ake yin sa, wanda ya zo kotu kuma ga halin da yake ciki. Likitan da bai auna ba, da ka yake ba da magani.

Kafin a gyara, ga abin da muka koya da gumin goshi, don amfanin wadda za ta bi wannan hanya. Ta fara tabbatar da kotun da aka yi shari'ar, don kundin yana wurin da aka yanke hukunci, ba ya bin alƙali in an canja shi. Ta tattara cikakken sunanta da na mijin kamar yadda aka rubuta, da shekara, da sunan alƙalin, da lambar shari'a in akwai ta a jikin tsohon sammaci ko rasit. Ta rubuta roƙo zuwa ga rajistara, kwafi biyu, a buga wa nata hatimin karɓa da kwanan wata. Kada ta biya ko kwabo ba tare da rasit ba. In kwafi ya fito, ta duba akwai shaidar cewa ya yi daidai da na asali, da kwanan wata, da suna da muƙamin mai sa hannu, da hatimi. Dokar shaida ta 2011, sashe na 104, ta ɗora wa ma'aikacin da ke riƙe da takardar hukuma ya ba da irin wannan kwafi ga mai haƙƙin ganinta in ya biya kuɗin da doka ta yanka. In aka yi ta wasa da hankalinta, ta kai kuka a rubuce ga babban rajistara na kotun da ke sama.

Ga hukuma kuwa, buƙatunmu biyar ne. A liƙa kuɗin kwafi a ƙofar kowace kotu da Hausa da Ajami da Turanci. A yanka wa'adi, kuma kwana bakwai da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta yanka wa ma'aikatu ya isa abin koyi. A buɗe littafin jerin sunaye na haruffa a kowace kotu, yadda wadda ta manta lamba za a same ta da sunanta. A ɗauki hoton kowane hukuncin saki a adana a wuri na biyu, nesa da gara da gobara. A kuma riƙa buga adadin shari'o'in aure kowace shekara ba tare da sunan kowa ba.

Saura mu. Da yawanmu nan da shekara biyu ko uku za mu zauna a bayan irin wannan teburi, wasunmu ma da ke karanta wannan mujalla sun riga sun zauna. Akawun da ya ce wa yayarmu ta je ta tuno lamba ba daga sama ya faɗo ba, makaranta ya yi kamar mu, wataƙila ya taɓa ɗaga kwali yana zagin azzalumai. Malam Aminu Kano da mutanensa na NEPU sun sha ɗauri tun shekarun 1950 a kan cewa kotu ta talaka ce, ba gonar mai muƙami ba. Muna kira ga ƙungiyarmu, musamman ɗaliban shari'a da na tarihi da na ilmin laburare, ta rubuta wa hukumar shari'a ta jiha ta nemi izni mu ba da hutun ƙarshen zango ɗaya wajen jera kundayen kotu guda, kyauta, bisa rantsuwar riƙe sirri. Mu fara da ɗaya a ga yadda za ta kaya. Duk mai son shiga ya kai sunansa ofishin ƙungiya kafin a fara jarrabawa.