Kafin A Ce Tela Ya Ci Yadi, A Zauna A Yi Lissafi

Da zarar hunturu ya kunno kai a Injamena, wato daga watan Disamba zuwa Janairu, aiki kan yi wa telolin Diguel yawa, musamman masu ɗinka bargon haɗe-haɗe da zanen gado na kayan ɗakin amare. A lokacin ne kuma ake yawan jin ƙorafin nan da muka saba da shi, wai tela ya ci yadi. A ganinmu, mafi yawan wannan rigima rashin lissafi ne ke jawo ta, kuma tana zubar da mutuncin masu sana'a ba gaira ba dalili.

Ga yadda abin ke faruwa. Uwar amarya za ta ga bargon yaro mai faɗin santimita 100 da tsawon 110, zanen ya burge ta, sai ta ce a yi wa ɗiyarta irinsa amma a ninka shi, ya zama 200 da 220. An ce mata na yaron bai ƙarasa cin yadi 2 ba, don haka ta sayo yadi 4 ta kawo hankali kwance. Alhali idan aka ninka faɗi aka kuma ninka tsawo, yadin da za a ci ya ninku sau huɗu ne. Bargon yaron ƙyallaye 110 ne masu santimita 10, na amaryar kuwa 440.

Sannan akwai abin da ɗinki ke haɗiyewa, wanda ido ba ya gani. Ƙyallen da zai fito santimita 10 dole a yanka shi 12, domin kowane gefe allura za ta ci santimita ɗaya. Atamfa mai faɗin kimanin santimita 115 ƙyalle 9 kacal take bayarwa a layi, ragowar bakin ya tafi a banza. Ke nan ana bukatar layi 49, wato santimita 588, kusan yadi 6 da rabi. Turmi guda mai yadi 6 ma bai isa ba! Kuma fa fuskar bargon kaɗai ke nan, ba a zo kan shafi ba, wanda shi ma sai an haɗa faɗi biyu, ya ci kusan yadi 5.

Mai son sauƙi sai ta yarda a girmama ƙyallen zuwa santimita 20. Guda 110 za su wadatar, yadin bai kai 5 da rabi ba, sai dai zanen ba zai yi ƙanana kamar na samfurin ba.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin a nan Chadi shi ne ma'auni biyu da muke tafiya da su. Atamfar da ke zuwa daga Kantin Kwari na Kano ta ratso Kuseri ta gadar Ngueli da yadi ake ƙirga ta, tela kuwa da mita ya koyi aiki, katifa ma da santimita ake faɗin girmanta. Yadi santimita 91 ne da ɗoriya, saboda haka turmi mita 5 da rabi ne. Tela ya ce shida yana nufin mita, Hajiya ta ji shida ta sayo turmi, an yi giɓin rabin mita tun kafin a taɓa almakashi.

Ba muna wanke teloli gaba ɗaya ba ne. Akwai masu ɓoye ragowar yadin mutane su haɗa wani bargon su sayar, kuma su ne suka ɓata wa sauran suna. Abin da muke kira gare shi shi ne tela ya je ya auna katifar da tef, ya rubuta lissafin a takarda gaban mai kaya, ya faɗi ko mita yake nufi ko yadi, ya ƙara kamar rabin yadi saboda tsukewar auduga a wankin farko. In an gama aiki, ya ƙulla ragowar ƙyallayen a leda ya miƙa mata tare da bargonta.