Kwalliyar da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu: Kankaren Ado a Ƙasashen Ƙanƙara

A watan Afrilu ake sanin gaskiyar aikin magina a kudancin lardin Ontario na ƙasar Kanada. Dusar ƙanƙarar da ta lulluɓe unguwannin Toronto da Mississauga da Brampton tun Disamba takan narke, abin da ta ɓoye ya fito fili. A ƙofar wani gida sai a ga mashigar mota ta kankare mai launin toka, ba zane ba sheƙi, ta shekara ashirin tana nan daram. A gidan maƙwabcinsa kuwa, daɓen da aka yi bara waccan, wanda aka buga wa siffar jerin duwatsu aka kuma rina shi, ya fara saɓa kamar maciji: launi ya ɓare a wurare, tsakuwa ta leƙo, wata doguwar tsaga ta ratsa zanen daga bakin gareji zuwa titi. Na biyun ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba.

Haka ake yi kowace shekara, daga Ontario har jihar Minnesota ta Amurka, kuma amsar da mai gida kan samu wajen ɗan kwangila ba ta wuce biyu: ko dai sanyin bana ne ya yi tsanani, ko kuma shi mai gidan ne ya barbaɗa gishiri. Wannan rabin gaskiya ce. Tun shekarun 1940 injiniyoyi suka san yadda ake haɗa kankaren da ke jure ƙanƙara. Ɓarnar tana cikin cinikin: ana sayar wa mutane fuskar daɓe, wato launi da zane da sheƙi, a bar su cikin duhu game da abubuwan da ke tsawaita ransa, sannan idan hunturu ya tona asiri a ɗora musu laifi.

Yadda ƙanƙara ke cin kankare

Ido na ganin kankare kamar dutse, amma cike yake da ƙananan kafofi masu shan ruwa. Ruwa kuwa idan ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari. Duk lokacin da jiƙaƙƙen daɓe ya daskare, ƙanƙarar da ke tsirowa a cikin kafofinsa tana tura sauran ruwan da ƙarfi, ruwan ya rasa mafita, ya tsaga jikin simintin kaɗan. Rana ta fito a narke, dare ya yi a sake daskarewa. Saboda haka garin da sanyinsa ke kai-kawo a bakin sifili, kamar Toronto, ko Calgary da iskar Chinook mai ɗumi kan ratsa a tsakiyar hunturu, yana gwada kankare sau da yawa a shekara guda.

Maganin ya zo ne bisa dace. A shekarun 1930 aka lura a jihar New York cewa wasu titunan kankare sun fi wasu jure sanyi, bincike ya nuna simintinsu ya gauraya da ɗan kitse ko mai a wajen niƙa, wanda ya haifar da kumfa ƙanana ƙwarai a cikin kwaɓin. Wani mai bincike, T. C. Powers, na Ƙungiyar Masu Simintin Portland ta Amurka, shi ya fayyace dalilin a shekarun 1940: kowace ƙwayar kumfa ɗaki ce da ruwan da aka matsa zai fake a ciki, muddin tazarar da zai yi kafin ya isa gare ta ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Daga nan aka riƙa zuba sinadarin kumfa da gangan.

Ƙa'idar kankare ta Kanada, CSA A23.1, ta ware wa irin wannan daɓe na waje da ke haɗuwa da ƙanƙara da gishiri aji na musamman mai suna C-2. Sharuɗɗansa uku ne: ƙarfin da bai gaza megafaskal 32 ba bayan kwana 28, iska kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari a irin tsakuwar da aka saba amfani da ita, da ruwan da bai wuce kashi 45 cikin ɗari na nauyin siminti ba. Wato buhu mai kilo 50 ba zai sha fiye da lita 22 da rabi ba. Babu ɗaya daga cikin ukun da ake iya gani a hoton talla.

Wannan batu ya shafi dubban 'yan Nijeriya da suka koma Kanada da aiki suka kuma sayi gidaje. Likita ko injiniyan da ya tashi a Kano ko Kaduna ya san ma'aunin kankare mai kyau a gida: a zuba siminti ba ha'inci, a sa rodi, a ba shi ruwa. Idan aka ce masa za a cusa iska cikin kwaɓi, zai ɗauka cuta ce, kuma yana da ɗan dalili, domin iskar tana rage ƙarfin kankare kaɗan. Amma a ƙasar ƙanƙara, kankare mai tsananin ƙarfi da ba shi da kumfa yakan riga mai kumfa lalacewa.

Inda ado ke faɗa da ƙarko

Kankare mai hatimi haifaffen gaɓar tekun Kaliforniya ne. Brad Bowman ya fara buga wa ɗanyen daɓe siffar bulo da dutse a yankin Monterey cikin shekarun 1950, kamfanin Bomanite ya yaɗa fasahar daga 1970. Wuri ne da ƙasa ba ta daskarewa. Da sana'ar ta yi arewa sai ta tafi da hatimanta da launukanta, amma kusan kowane mataki nata yana ja-in-ja da abin da sanyi ke bukata.

Na farko shi ne lokaci. Dole a danna hatiman roba tun fuskar daɓen tana da laushi, kuma kankare ba ya jiran kowa. Ma'aikatan da rana ta matsa wa sukan ce direban motar kankare ya ƙara ruwa, ko su yayyafa ruwa a saman daɓen don ya yi musu daɗin shafa. Wannan ruwan yana raunana 'yan milimitocin da ke can sama, su ne kuwa ke ɗauke da zanen, su ne kuma ƙanƙara ke fara tararwa. Yawan gugar fuskar da cokalin ƙarfe yana korar kumfar da ke sama, ya kuma toshe ruwan da ke tasowa daga ƙasa, sai a sami ɓawo siriri da ke jiran hunturu ya ɗaye shi.

Na biyu shi ne renon daɓe. Siminti yana ƙarfi ne muddin yana da danshi, shi ya sa ake son a tsare masa danshin har kimanin kwana bakwai, sannan ya sami kamar wata guda yana bushewa kafin ƙanƙara da gishiri su same shi. Hodar da ake barbaɗawa don kada hatimi ya manne, da gudun ɓata launi, sukan sa a yi wa wannan mataki riƙon sakainar kashi. Ɗan kwangilar da ya karɓi aiki a ƙarshen Oktoba don ya cike ribar shekara ya san daɓen ba zai sami wannan watan ba.

Na uku shi ne tsaga. Kowane kankare yana tsukewa idan yana bushewa, don haka tsagewa ba makawa. Abin da magini ke iyawa shi ne ya zaɓa masa wurin da zai tsage. Ana yin haka ta yanka layuka masu zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin daɓen, kusan kowace mita uku a daɓe mai kaurin santimita 10. Layukan nan suna ɓata zanen dutse, sai a rage su don a faranta wa mai gida. Kankaren kuwa ya zaɓi wurinsa da kansa.

Na huɗu shi ne man sheƙin da ake shafawa a ƙarshe, wanda ke sa daɓen ya yi kamar ruwan sama ya wanke shi. Shi ke sayar da aikin. Amma fata ce siririya da taya da shebur ke cinyewa, wadda sai an sabunta ta duk shekara biyu ko uku, tana da santsi idan ƙanƙara ta kwanta a kanta, kuma idan aka shafa ta bisa danshi sai ta yi fari-fari. Idan daɓen ya ɓare, ba a iya yi masa facin da zai saje da tsohon launi.

Ƙasan daɓen ma da nata. Masanin ƙasa Stephen Taber ya nuna tun wajajen 1930 cewa ƙasa mai laushi tana jawo ruwa daga ƙarƙashi ta tara shi ya zama faifan ƙanƙara, waɗanda ke ɗaga duk abin da ke samansu. A Toronto ana lissafin sanyi na iya nutsawa har mita 1.2. Abin da ke rage wannan shi ne shimfiɗar tsakuwa da aka danne sosai da gangara ta kimanin santimita biyu a kowace mita. Tsakuwar da aka binne ba ta fitowa a Instagram, saboda haka nan ne wurin da ya fi sauƙin yi wa ƙwange.

Garantin da gishiri ke sokewa

Mafi muni a cinikin shi ne sharaɗin da ke cikin takardun kwangila da yawa, cewa garanti bai shafi ɓarewar da gishiri ya jawo ba. A ido sharaɗin kamar adalci ne. Amma Kanada tana zuba wa titunanta gishiri kimanin tan miliyan biyar a shekara. Motar da ta dawo daga aiki tana ɗauke da shi a tayoyinta da ƙarƙashinta, ta tsaya a ƙofar gida ya narke ya ɗiga. Tun 1957 kuma binciken Verbeck da Klieger ya nuna cewa ruwan gishiri mai tsarma, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, ya fi mai kauri ɓare fuskar kankare. Irin wannan tsarmammen ruwa ne ke ɗiga daga mota. Ko mai gida bai taɓa sayen ƙwayar gishiri ba, mashigar motarsa za ta sha shi. Garantin da ya cire gishiri a Ontario ko Minnesota tamkar laima ce da aka ce ba ta da alhakin ruwan sama.

Masu sana'ar za su ce akwai daɓen hatimi da ya shekara goma sha biyar a Ottawa lafiya lau, kuma kowa na da 'yancin ƙawata gidansa. Duka biyun gaskiya ne, sai dai na farkon hujja ce a kansu. Idan ana iya yin aikin ya ɗore, to wanda bai ɗore ba sakaci ne ya kashe shi. 'Yancin zaɓi kuma ba shi da ma'ana ga wanda aka nuna wa launuka arba'in ba a taɓa ambata masa C-2 ba. Gada da babban titi suna da injiniyan da ke auna iskar kwaɓi kafin a zuba, awon da bai wuce 'yan mintuna ba. Ƙofar gidan mutum, a garuruwa da yawa, ba mai zuwa ya auna.

Abin da ya kamata mai gida ya nema

Tunda ba mai auna masa, sai ya tsaya wa kansa. A rubuta ajin kankaren a kwangila, ya kuma karɓi takardar da direban motar kankare ke zuwa da ita, domin tana nuna irin kwaɓin da aka kawo. A rubuta cewa ba za a ƙara ruwa a wurin aiki ba, a faɗi kaurin tsakuwa da tazarar layukan yanka da yadda za a reni daɓen. Launin da aka kwaɓa cikin kankaren gaba ɗaya ya fi na sama-sama rufa asiri idan fuska ta ɓare. A hunturun farko yashi ya isa maganin santsi.

Sannan a raba tsakanin dandamalin bayan gida da mashigar mota. Dandamali ba ya ɗaukar mota, ba ya shan gishirin titi, ba a kankare shi da bakin ƙarfe kowace safiya. Can ne hatimi ke da hujja. Mashigar mota kuwa ta fi dacewa da daɓen da aka ja wa tsintsiya don ya yi kaushi, ko wanda aka wanke fuskarsa tsakuwa ta fito, ko bulon shimfiɗa da aka sani da intalok, wanda idan ƙasa ta ɗaga shi ana iya cirewa a gyara a mayar.

Tambaya ɗaya ta fi duk waɗannan tace ɗan kwangila: ya nuna aikin da ya yi shekara biyar da suka wuce, a je a gani da ido a watan Afrilu, kafin a sake shafa masa mai. Wanda ya san aikinsa zai ba da adireshi nan take. Wanda ya ciro waya ya fara nuna hotunan ranar da aka gama aiki ya riga ya ba da amsa.