Mu Daina Barin Boka Ya Kama Mana Ɓarawo

'Yan uwa marubuta, mu faɗa wa kanmu gaskiya: akwai lalaci a labaranmu na binciken laifi. An yi kisa, sai mafarki ko boka ya tona asiri, ko mugu ya tuba yana gargarar mutuwa. Mu dubi Derrick, shirin gidan talabijin na ZDF a Jamus: kashi 281, daga 1974 zuwa 1998, duk Herbert Reinecker ya rubuta. Sufeto Derrick tambaya yake ta yi har bakin mai laifi ya kama shi. Mu a Yalwa me muka rasa? Mu ƙaga satar shanu a hanyar Kibiya, a kai su kasuwar Rano, mu bar sawu, dillali da shaidu su fallasa ɓarawon. Mu daina raina hankalin mai karatu.