Waiwaye: Tsargiya da lissafin da ke ɓoye ƙauyen bakin ruwa

Shekaru da dama, idan za a auna yawan tsargiya a wani yanki, abin da aka saba shi ne a zaɓi makarantun firamare biyar, a gwada fitsarin yara hamsin a kowace. Sai a haɗa a fitar da kaso guda, a kansa ne za a yanke ko yankin zai samu rabon ƙwayar praziquantel.

A ce an yi haka a Kazaure, aka samu yara 20 masu cutar cikin 250, wato kashi 8 cikin 100. Mai karanta rahoto a Dutse zai ɗauka kowace makaranta na da yara wajen huɗu. Amma tana yiwuwa 17 daga makaranta ɗaya suke, wadda yaranta ke wanka a bakin dam, sauran huɗun kuwa na tudu ne masu shan rijiyar burtsatse. Cutar a jikin dodon koɗi take girma kafin ta shiga fatar mai wanka, don haka ruwa take bi, ba ruwanta da iyakar ƙaramar hukuma. Yara hamsin masu kududdufi ɗaya kamar shaidu ne 'yan gida ɗaya, bakinsu ɗaya.

Masana lissafi sun daɗe da gane wannan. A 1948 wani Bature, J. G. Skellam, ya kawo tsarin da ake kira beta-binomiyal, wanda ke ɗaukar cewa kowane rukuni na da nasa haɗarin, sannan a auna yadda haɗarin ke bambanta tsakanin rukunai. A 1975 D. A. Williams ya yi amfani da shi wajen gwajin guba a kan ɓeraye masu ciki, domin 'ya'yan uwa ɗaya kan kamu tare ko su tsira tare. Wanda ya ƙirga su ɗaya-ɗaya zai ji ya fi tabbas fiye da yadda hujjarsa ta kai. A 1997 kuma Mark Woolhouse da abokan aikinsa suka nuna cewa a cututtuka irin su tsargiya da zazzabin cizon sauro, kashi 20 na mutane kan ɗauki nauyin aƙalla kashi 80 na yaɗuwar.

Abin ya ƙara nauyi a 2022, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk al'ummar da cutar ta kai kashi 10 a ba kowa magani duk shekara, tun daga ɗan shekara 2. A misalinmu, jimla ta faɗi ƙasa da wannan layi, alhali makaranta ɗaya na kan kashi 34.

Saboda haka kansiloli da dagatan Roni, Gwiwa da Babura, idan aka karanto muku kason ƙaramar hukuma, ku nemi na mazaɓa da na kowace makaranta, ku kuma tambaya ko an je ta bakin ruwa.