ZAUREN MALAM TICHA: Mai digiri da gajeriyar hanyar shiga aikin jinya

 

A watan nan za mu taɓo wata magana ce da ta yi yawa a bakin samarinmu da 'yammatanmu, tun daga Aboabo da Asawase har Sawaba da Tafo Zango. Maganar kuwa ta shafi waɗanda suka gama jami'a, suka yi bautar ƙasa, suka dawo gida da digirin kasuwanci ko na aikin gona ko na nazarin zamantakewa, shekara biyu shekara uku shiru babu aiki. Yanzu kuma sun ji an ce akwai wani kwas na gaggawa da mai digiri zai shiga ya fito cikakken nas cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Da yawa daga cikinsu ta hannunmu suka wuce a sukuru, saboda haka haƙƙi ne a kanmu mu gaya musu yadda abin yake tun kafin iyaye su sayar da fili ko su kwashe jarin shago.

Da farko dai, kwas ɗin gaskiya ne, ba ƙagen 'yan damfara ba ne. Amma asalinsa Amurka. Jami'ar Saint Louis ce ta fara shi a shekarar 1971, yau kuma ɗaruruwan makarantu a can suna yinsa. Hikimar ita ce, wanda ya riga ya yi digiri ba sai ya maimaita darussan share fage ba, sai a ɗura masa ilimin jinya zalla cikin wata 11 zuwa 18, babu dogon hutu, aji da asibiti a jere. A Ingila ma akwai irinsa, inda mai digiri kan yi shekara biyu ya fito da digiri na biyu tare da cancantar rajistar aikin jinya.

To amma fa akwai abin da masu yayata labarin ba sa faɗa. Kafin a karɓi takardar mutum a yawancin makarantun Amurka, sai ya nuna ya ci wasu darussa na kimiyya a matakin jami'a: ilimin ƙirar jiki, da na yadda gaɓoɓi ke aiki, da na ƙananan ƙwayoyin cuta, sau da yawa har da ilimin sinadarai da na ƙididdiga. Wanda ya karanta akanta ko tarihi bai yi ko ɗaya daga ciki ba, kuma cike wannan giɓi kaɗai yana iya cin shekara guda. Bayan haka sai a aika sakamakonsa na jami'ar Gana ga wata hukumar tantancewa ta auna shi da ma'aunin can, da kuɗinsa. Kuɗin makarantar kuwa dubun dubatan daloli ne, kuma ofishin jakadanci ba ya ba da bizar karatu sai an nuna inda kuɗin zai fito. Wanda ke tunanin zai riƙa ɗan aiki yana biya, to ya sani doka ta ƙayyade wa ɗalibin waje awa 20 a mako, a cikin harabar makaranta, su kansu makarantun kuma suna gargaɗin cewa kwas ɗin ba ya barin lokacin neman kuɗi. In an gama, ga jarrabawar NCLEX tana jira, kuma takardar digiri ba ita ce takardar zama ƙasa ba. Wanda ya dawo gida ma sai ya yi rajista da hukumarmu kafin ya taɓa majinyaci.

Mai hali, ko mai ɗan'uwa tsayayye a can, ba mu ce kada ya gwada ba. Amma ga yawancinmu 'yan Zango, hanyar da ƙafarmu za ta iya takawa tana nan gida, kuma ba baƙuwa ba ce a garin nan. A Kumasi aka buɗe makarantar farko ta horar da cikakkun nas a ƙasar nan a 1945, kafin a mayar da ita Korle Bu a Ankara. Marigayiya Docia Kisseih, wadda ta jagoranci kafa ƙungiyar nas ta ƙasa a 1960, ita ce 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci aikin jinya a Gana, Jami'ar Legon kuma ta buɗe sashenta na jinya a 1963. Yau ga Kwalejin Jinya da Ungozoma a gefen Asibitin Komfo Anokye, wanda iyayenmu ke kira Gee, ga kuma KNUST da wasu jami'o'i masu zaman kansu.

Hanya biyu ce sananniya. Ko dai difloma ta shekara uku a kwalejojin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, ko digiri na shekara huɗu a jami'a. Ga mai niyya, ga abubuwan da za mu ce ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ya ciro sakamakonsa na WASSCE daga ƙasan akwati ya duba da idon basira. A nan ne masu digiri da yawa ke tuntuɓe, domin kwalejin jinya ba digirinka take fara dubawa ba, sakamakon sakandare take dubawa. Ana neman aƙalla C6 a Turanci da lissafi da kimiyya, da kuma darussan zaɓi uku. Mun san yara masu ƙoƙari da suka yi ta fama da D7 a kimiyya. Maganin wannan ɗaya ne, a sake zama jarrabawar Nov-Dec, kuma babu abin kunya a ciki. Mu malaman unguwa a shirye muke mu taimaka da darasin yamma.

Na biyu, shekarun haihuwa. Ma'aikatar Lafiya ta saba sanya iyakar shekara 35 ga masu neman kwalejojinta, saboda haka wanda ya doshi wannan iyaka kada ya tsaya jiran baɗi. Jami'o'i kuwa suna da ƙofar manyan ɗalibai ga wanda ya kai shekara 25, bisa sharuɗɗan da kowace ta gindaya. Mai digiri ya je ofishin ɗaukar ɗalibai da ƙafarsa, ya kai cikakken sakamakonsa na jami'a, ya tambaya ko za a rage masa wani abu, kuma a wane aji zai fara. Duk amsar da aka ba shi, ya nemi a rubuta masa. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, a tabbatar makarantar tana da izini biyu: na Hukumar Kula da Manyan Makarantu, wato GTEC, wadda aka kafa a 2020, da na Hukumar Jinya da Ungozoma ta Gana, wadda ke aiki bisa Doka ta 857 ta shekarar 2013. Wannan hukuma ta biyu ita ke shirya jarrabawar lasisi, kuma ɗalibin makarantar da ba ta amince da ita ba ba zai zauna jarrabawar ba, ko da ya yi shekara goma yana sanye da farar riga. Duk wanda ya ce maka zai mai da kai nas cikin wata shida a wani bene a bayan kasuwa, riƙe kuɗinka. Sauri ya haifi nawa.

Na huɗu, fom. Ana sayen lambar shiga ne a wuraren da ma'aikatar ta ayyana a sanarwarta ta kowace shekara, a cike ta intanet. A cike da kai, ko a zauna kusa da mai cikewa a shagon kwamfuta, domin mu 'yan Zango sunayenmu kan zo da rubutu iri-iri, Mohammed a wannan takarda, Muhammad a waccan, Ghana Card kuma ta ɗauki na uku. Wannan ƙaramin abu yana iya tsayar da mutum shekara guda. A daidaita sunan tun da wuri. Kada kuma a ba wani ɗan tsakiya ko sidi ɗaya wai yana da hanya a sama. In an kira ganawar ido da ido, za a tambayi mai digiri dalilin da ya sa ya juyo. Ya shirya amsa ta gaskiya, domin masu tambayar sun daɗe suna jin tatsuniya.

Ga 'yammatanmu da ke fargabar maganar hijabi, wadda ta tayar da ƙura a 2015 da kuma 2019, mu tuna cewa sashe na 21 na Tsarin Mulkin 1992 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa. A tambayi ƙa'idar suturar makaranta tun ranar farko, cikin ladabi, a kuma san cewa ɗakin tiyata yana da nasa dokokin tsafta da suka hau kan kowa.

Sai batun kuɗi da abin da ke biyo bayan karatu, inda ba za mu ɓoye wa kowa komai ba. Alawus ɗin ɗaliban jinya an taɓa soke shi, aka maido da shi a 2017 a kan sidi 400 a wata, kuma ya sha yin jinkiri. Kada gida ya gina lissafinsa a kansa. Bayan cin jarrabawar lasisi akwai shekara guda ta hidima a asibitoci, daga nan sai jiran Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗauka aiki. Waɗanda suka gama a 2020 sai a 2024 aka buɗe wa yawancinsu ƙofa. A watan Yunin 2025 kuma nas da ungozomomi suka yi yajin aiki a duk ƙasa kan sharuɗɗan aikinsu. Masu hangen waje su ma su sani, ko da yake nas 95 sun tafi Barbados a 2020 bisa yarjejeniyar gwamnati, Gana tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, shi ya sa dokar Ingila ta hana kamfanonin ɗaukar ma'aikata zuwa farauta a nan. Mutum na iya nema da kansa, amma dillalin da ya zo da alkawari abin tuhuma ne.

Duk da haka, ba mu rubuta wannan don mu kashe wa kowa gwiwa ba. Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa asibitin Manhyia ko Gee ya san yadda fuskarta ke sakewa idan ta ji nas ta ce mata "Sannu Hajiya, ina ke ciwo?" Akwai matan da ke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu don ba su iya bayyana shi da Turanci ko harshen Asante ba. Yaranmu kuwa sun tashi da harshe uku ko huɗu a baki, wannan jari ne da ba a sayarwa a jami'a. Zango na bukatar nas da ungozoma nata fiye da yadda take bukatar wani sabon shagon waya.

Shawararmu ga mai digiri ita ce ya tambayi zuciyarsa kafin ya tambayi kuɗin fom. Aikin jinya aikin dare ne, aikin jini da amai da tsayuwa, da haƙuri da mutumin da ciwo ya sa ya manta ladabi. Ya nemi wata nas a unguwarsu ta ba shi labarin mako guda na aikinta. In ya ji har yanzu ransa na so, to bismilla. Iyaye kuma, yadda muke haɗa susu don awure da suna, mu haɗa irinsa don ɗa ɗaya ko 'ya ɗaya a kowane gida ta kai ƙarshen wannan karatu. Shugabannin ƙungiyoyin matasa su tuntuɓi Asusun Raya Zango da ofishin ba da tallafin karatu na gwamnati, su kawo wa jama'a bayanin abin da ake samu da yadda ake nema.

Masu tambaya a kan sake jarrabawa su aiko da wasiƙa ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.