"Allah Ya Isa" Ba Ta Cika Asusu



Yawancin littattafan kuɗi da muke saki a WhatsApp da gargaɗi suke farawa: duk wanda ya fitar ba a yafe masa ba. Kafin kwana biyu littafin ya zaga wayoyi daga Kiru har Doguwa. Haƙƙi ne, wanda ya ci zai biya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, Allah ya isa ba ta taɓa sanya ko sisi a asusun marubuci ba.

Mu leƙa wajen masu manhajar kwamfuta. A 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya saki Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kowa ke iya ɗauka ya gyara ya raba. A kan wannan kayan na kowa kamfanin Red Hat na Amurka ya kafa kasuwarsa. A 2012 kuɗin shigarsa na shekara ya haura dala biliyan 1, a 2019 kuma IBM ya saye shi dala biliyan 34. Me yake sayarwa? Bankuna da manyan kamfanoni suna biyan kuɗi duk shekara don a ba su manhajar da aka tantance, a riƙa toshe musu ɓaraka, in abu ya lalace da tsakar dare su sami wanda za su kira.

Wannan lissafin ba baƙo ba ne a wajenmu. Ga ruwan Tiga can shimfiɗe a Bebeji, amma kuɗin da muke ba mai ga-ruwa na turo kura ne zuwa ƙofar gida a kan lokaci.

To mu ina kurarmu? Fayil ɗin littafi ana kwafarsa cikin daƙiƙa. Abin da ɓarawo ba zai iya kwafa ba shi ne zuwan sabon babi kullum bayan isha'i ba fashi, da bugun takarda mai tsafta, da karatun murya a tasharmu ta YouTube, da gyaran rubutun wasu, da rubuta labarin fim. Mai karatu a Tudun Wada zai biya kuɗin wata idan ya tabbata ba za a tsaya masa a babi na 20 ba.

Wani zai ce Red Hat ɗaya ne tak. Da gaskiyarsa. Mandriva na Faransa ya bi hanyar Linux, ya rushe a 2015. Shi kansa Red Hat a 2023 ya taƙaita hanyar samun tushen manhajarsa, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Kyautar da babu lissafi a cikinta hanyar tsiya ce.

Don haka kafin mu rubuta shafin farko, mu yanke me za mu saki ya jawo jama'a, me za mu riƙe ya ciyar da mu. Wanda bai yarda ba, ga fili nan a ƙasa, ya kawo hujjarsa.