Sharhi: Ƙara wa mota ƙarfi a Kano, tsakanin burgewa da bugewar inji

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, yawancin masu motoci a Kano ke neman hanyar rage shan mai. Amma akwai wasu matasa a Badawa da sauran unguwannin Nassarawa da hankalinsu ke wani wajen: yadda motarsu za ta fi ta kowa tashi.

Abin da suke taɓawa shi ne sufacaja, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi domin ya ƙona ƙarin mai. Ba baƙuwa ba ce a garin nan. Duk Mercedes ɗin da ka ga an rubuta Kompressor a bayanta, kamar C180 da C200, tana ɗauke da ita tun daga kamfani. Bel ne ke juya ta daga inji, don haka idan bakanike ya sa mata ƙaramin fuli, sai ta ƙara gudu, matsin iskar ya hau.

Yaya ake auna matsin?

Da ma'aunin psi, irin wanda mai faci ke duba iskar taya da shi. Iskar da muke shaƙa tana da matsi kusan 14.7 a gaɓar teku. Ƙarin psi 7 na nufin inji ya samu kusan rabin iskarsa a kan ta da. Sai dai ƙarfin ba ya ƙaruwa da rabi cif, domin na'urar kanta tana cin wani kaso, kuma iskar da aka matsa tana ɗaukar zafi.

Ga injin da ba a canza masa kayan ciki ba, abin da masu wannan sana'a suka saba tsayawa a kai shi ne psi 6 zuwa 8. Wanda zai wuce nan sai ya shirya sayen fiston masu ƙwari, da manyan injekta, da famfon mai da zai iya ciyar da su.

Abin da ya bambanta Kano

Na farko shi ne mai. Mizanin fetur a Najeriya oktan 91 ne, alhali a Jamus da aka ƙera waɗannan motoci, 95 ne na yau da kullum. Idan oktan ya yi ƙasa kuma matsi ya yi yawa, mai na kamawa da kansa ba bisa lokaci ba, sai a ji inji na ƙwanƙwasa. Masu motoci ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol daga Beljiyam ya lalata motoci da dama.

Na biyu zafi. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40. Saitin da ya yi lafiya da dare a watan Janairu na iya zama bala'i da azahar a cunkoson titin Haɗejiya. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatar iska, idan kuma ta samu kafa sai ta riƙa cin cikin na'urar.

Na huɗu shekaru. Mercedes ta koma amfani da turbo a waɗannan ƙananan injina tun wajajen 2010, ma'ana Kompressor ɗin da ke yawo a titunanmu sun haura shekara 15. Ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ba dabara ba ce.

Abin takaicin shi ne ƙwaƙwalwar motar, da ta ji ƙwanƙwasa, sai ta jinkirta wutar fulogi don ta kare injin. Mutum ya kashe kuɗi, motar ta ƙara shan mai, ƙarfin kuma bai samu ba.

Ga wanda ya dage

A fara da auna lafiyar injin. A wanke lagireto, a tabbatar mai sanyaya iska yana aiki, a sa fulogin da ya dace. A ƙara matsi kaɗan-kaɗan, kowane mataki a sake saita ƙwaƙwalwar motar da kwamfuta, domin idan iska ta fi mai yawa fiston na iya narkewa. Kafin duk wannan, a gyara birki da tayoyi. Wanda ya tsallake waɗannan, ƙarshensa Kofar Ruwa neman wani injin a farashin dala.

A ina za a gwada?

Rundunar 'yan sandan Kano ta sha haramta tseren motoci, musamman lokacin bukukuwan Sallah, kuma tana da hujja: titunan Badawa na 'yan makaranta ne da masu Adaidaita Sahu da masu talla. Amma haramci bai kashe sha'awar ba, sai dai ya mayar da ita cikin dare. Lokaci ya yi da gwamnatin jiha da KAROTA za su duba yiwuwar ware killataccen fili mai dokoki da motar asibiti a gefe. Inji idan ya buga ana sayen wani; yaron da aka buge a bakin titi ba shi da madadi.